Maƙerin Garkawa Yana Roƙon a Kashe Masa Kasuwa

Ni ne Nomau, maƙeri ɗan maƙeri,
a Garkawa ta Tawa uwar maƙerata take.
Hauya na gada, da lauje, da bakin galma.
Mari ban gada ba. Mari zuwa ya yi.

Ba a sayensa da rana.
Sai an sallame isha'i mutum zai tsaya bakin rumfa,
ya gaishe ni har sau uku,
sannan ya haɗa yatsa da yatsa:
"Kaurin ƙafar kamar haka."
Ba na tambayar ta wa ce.
Jaka biyu, kwaɗo nasa.

Kowane ɗaya sai na ja zane da gawayi a bango.
Arba'in da bakwai.
In ministan lafiya na neman lissafi,
ya zo, bangona bai iya ƙarya ba.

Na arba'in da takwas ba wanda ya yi mini sallama.

Sahabi, ɗana na uku, mai gyaran rediyo a kasuwa,
ya fara jin magana a akwatin da ba batir.
Ya daina barci. Ya ce uwarsa ba uwarsa ba ce.
Mun sha rubutu, mun yi turare, rago biyu sun tafi.
Sannan hanya: Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso,
ina riƙe da hannunsa har Yamai
kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali.

Lokotoro, wata mace mai sanyin murya,
ta saurare shi fiye da yadda na taɓa yi.
Ta ce ciwo ne, yana da suna, yana da magani:
allura ɗaya duk wata.

Wata huɗu Sahabi ya dawo mana.
Ya ci tuwo ya nemi ƙari,
ya tsokani ƙanwarsa Hurera,
ya gyara rediyon liman bai karɓi ko dala ba.

A na biyar majo ya juya tafin hannu: ta yanke.
A faramasi kuɗinta kuɗin buhun hatsi.
A na shida
na auna ƙafar ɗana da igiyar rama yana barci.

Na goge bakin ƙarfen har ya yi santsi,
na naɗe shi da tsohon zanen uwarsa.
Wata safiya da hankalinsa ya leƙo ya ce,
"Baba, aikinka na da kyau, ba ya cizo.
Amma ba ka tambaye ni ba."

Na ji a rediyo wai kuna zaune a Yamai,
za ku sake takardar masu taɓin hankali.
To ga maƙeri bai yi lakwal ba:

ku sa allurar nan inda kuka sa ta ƙyanda,
a likitar unguwa, kar ta yanke, kar ta zama ta mai kuɗi.
Majo ɗaya ba ya ɗaukar Adar a ka,
ku koya wa na ƙauye su gane ciwon tun yana jariri.
Wanda aka tsare, a rubuta ranar da za a duba shi,
ko a ɗakinku ne, ko a gindin bedina.
Kuma kafin ku buga hatimi
ku ajiye kujera ɗaya wa irin su Sahabi.
Ku tambaye su.

Ku kashe mini wannan kasuwa, don Allah.
Hauya za ta ciyar da ni.

Daren jiya wani dattijo ya gaishe ni sau uku.
Na ce masa wuta ta mutu.
Ya ce ba komai, gobe zai dawo.
Makullin Sahabi na rataye a wuyana, yana taɓa ƙirji,
kuma gobe, in ba ku yi sauri ba,
ba ni da abin ba shi sai ƙarfe.